Zangarniya Mai Ƙwaya da Zangarniya Mai Burtuntuna

Karatu: Ishaya 58:1-10; Yakubu 5:1-6; Yohanna 4:19-24

Wannan darasi yana zuwa maka daga Gadarif, a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce mai baƙin laka, inda ake noman dawa da riɗi a gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu. Hausawa da yawa suna zaune a nan, zuriyar waɗanda suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, suka yada zango, zango kuwa ya zama gida. Yawancinsu Musulmi ne. Mu masu bin Yesu ba mu da yawa, kuma daga kabilu dabam dabam muke, saboda haka idon maƙwabta yana kanmu kullum.

Kowane manomin dawa ya san burtuntuna. In ka hango zangarniyar daga bakin gona, tana tsaye kamar sauran. Sai ka murza ta a tafin hannu ka ga baƙin gari ne kawai, babu abin da za a kai rumbu. Ɗan'uwa, akwai sujada irin wannan. Yau za mu murza tamu a gaban Maganar Allah mu ga abin da yake ciki.

1. Suna azumi, amma Allah bai kula ba

Mutanen da annabi Ishaya ya yi wa magana a sura 58 ba masu gudun ibada ba ne. Kullum suna neman Allah, suna azumi, suna sunkuyar da kai, suna kwanciya a toka. Har ma ƙara suka kawo, wai me ya sa Allah bai ga azuminsu ba. Amsar tana cikin aya ta 3 da ta 4: a ranar da suke azumi, a ranar suke matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna.

Amos, makiyayi daga Tekowa, ya tarar da irin wannan a Betel. Hadayu suna da yawa, waƙoƙi suna tashi, amma Allah ya ce ba ya son jin amonsu (Amos 5:21-24). A sura 8 ya nuna mana 'yan kasuwa da suke zaune a ranar Asabaci, zuciyarsu tana ƙagara rana ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara farashi.

Ka lura, Allah ne da kansa ya kafa Asabaci da hadayu. Abin da ya ƙi shi ne mutum ya mai da su mayafin rufe zaluncinsa.

2. Hakkin ɗan ƙodago

Riɗi ba ya jira. In ya nuna, dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Saboda haka a wajen watan Oktoba 'yan ƙodago sukan cika gonakin Gadarif, da yawa daga Habasha, da lauje a hannu tun asuba.

Wata shekara wani dattijon ikkilisiyarmu ya kawo babban baikon godiya bayan girbi. Ni da bakina na yabe shi a gaban jama'a. Da aka tashi, wani saurayi baƙo da ya zauna a bencin baya ya jira har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya ce, “Fasto, mu ne muka yanke masa riɗin nan. Har yau rabin jingarmu tana hannunsa. Ya ce wai kasuwa ta faɗi.” Kunya ta rufe ni, gama na ɗaga zangarniya a gaban ikkilisiya ban murza ta ba.

Na je gidan dattijon, muka buɗe Yakubu 5:4 tare, inda aka ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Muka duba Kubawar Shari'a 24:14-15, inda Allah ya umarta a biya matalaucin ma'aikaci kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ya yi fushi ƙwarai, makonni uku ba mu gan shi a sujada ba. Daga baya ya nemi samarin ya biya su, amma biyu daga cikinsu sun riga sun ƙetare iyaka, bai same su ba. Har yau abin yana ci masa rai.

Kai fa? Wataƙila ba ka da gona, amma kana da yarinyar da take yi muku aikin gida, ko yaron shago, ko magini, ko bashin da ka yi shiru a kansa. Yesu ya koya mana a Matiyu 5:23-24 cewa in ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon tukuna, ka je ku shirya, sa'an nan ka dawo ka miƙa.

3. Baƙo a bakin ƙofa

Ishaya ya faɗi irin azumin da Allah yake so: a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida cikin gida, a suturta matsiraici. A Gadarif wannan ayar ta zo ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. A watan Nuwamba 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha, dubban mutane suka ƙetaro, aka zaunar da su a sansanin Um Rakuba. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Khartoum, a watan Disamba na shekarar kuma ya kai Wad Madani. Jama'a suka kwararo garinmu, waɗansu suka kwana a makarantu, waɗansu a gindin itace.

A kwanakin nan na ga wata gwauruwa wadda ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa tsayawa gaban zumuntar mata ta yi jawabi ba, ta raba ɗakinta da wata uwa da 'ya'yanta huɗu. Ba ta tambayi kabilarsu ko addininsu ba. In ka karanta Yakubu 1:27 za ka gane cewa matar nan tana cikin sujada ko a lokacin da take tuƙa musu tuwo.

4. Ciwon yana cikin iri

Manoma sun san burtuntuna takan biyo iri ne, shi ya sa ake cuɗa iri da magani tun kafin shuka. Wanke zangarniya a lokacin kaka ba ya amfana kome. Haka yake da mu. Ƙara yawan taro, da azumi, da baiko ba zai warkar da zuciyar da take nesa da Allah ba (Markus 7:6-7). Kyautata wa matalauta ma ba ya sayen ceto. Sai zuciya ta tuba, jinin Yesu ya wanke ta, Ruhu Mai Tsarki ya zauna a ciki, sa'an nan ƙwaya za ta fito.

Matar nan Basamariya ta tambayi Yesu a kan wurin sujada, ko dutsensu ne ko Urushalima. Yesu ya kai ta ga abin da ya fi wuri, wato Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. Amma kafin wannan, sai da ya taɓo zancen mazajenta. Gaskiyar da Allah yake nema takan fara ne daga abin da muke ɓoyewa. 'Yan'uwan da suka gudo daga Khartoum sun baro majami'u da kayan kiɗa da rigunan mawaƙa a baya, duk da haka mun ji su suna yabon Allah a kan tabarma. Kada ka bar zuwa taron masu bi (Ibraniyawa 10:25), amma ka zo da zuciyarka duka, ka kuma koma gida da abin da ka ji.

Tambayoyi domin bincike

1. Akwai wanda hakkinsa yake hannunka yau? Yaushe za ka biya?
2. In mai yi maka aiki ya zauna a bayanka ran Lahadi, me zai ce a kan waƙarka?
3. Wane baƙo ne Allah ya ajiye kusa da ƙofarka a makon nan?

Addu'a

Ya Uba, kai ne mai ganin cikin zuciya. Ka gafarta mini inda na yabe ka da baki, hannuna kuwa yana riƙe da hakkin wani. Ka ba ni ƙarfin hali in je in gyara tun rana ba ta faɗi ba. Ka sa sujadata ta zama mai ƙwaya, a majami'a da gona da kasuwa. A cikin sunan Yesu. Amin.