Yawan Ɗigon Fuskar Kwamfuta da Sunayen da Ake Ba Shi

Hoton da ke fitowa a fuskar kwamfuta ko waya ko talabijin an jera shi ne da ƙananan ɗigon haske da ake kira fiksil, kuma yawan waɗannan ɗigo shi ke sa hoto ya fito tar ko ya yi dishi-dishi. Abin ya yi kama da ɗinkin hula, inda zane ke ƙara fita gwargwadon yadda maɗinki ya matse sukan allurarsa. Ana faɗin adadin da lambobi biyu, ta farko ta ƙirga ɗigon da ke jere daga hagu zuwa dama, ta biyu kuma daga sama zuwa ƙasa.

Birnin Jos ya daɗe da sanin wannan harka, domin gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato shi ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kuma a Jos ɗin aka ƙaddamar da gwajin talabijin na dijital a ranar 30 ga Afrilu, 2016. Talabijin mai ƙeya ta wancan zamani tana aiki da tsarin PAL, wanda layuka 576 ne ke bayyana ga ido a cikinsa.

A ɓangaren kwamfuta, kamfanin IBM na Amurka ya fito da ma'aunin VGA a 1987, mai ɗigo 640 a faɗi da 480 a tsayi, wato 307,200 ke nan gaba ɗaya. Sunan ya bi kafar nan mai launin shuɗi da ramuka 15 da ake sa wa igiyar majigi, har yau haka masu gyara ke kiranta. Bayansa sai SVGA mai 800 da 600, sannan XGA mai 1024 da 768 a 1990. Da fuska ta koma mai faɗi, sai aka shiga wasu sunayen: HD na nufin 1280 da 720, Full HD kuwa 1920 da 1080, ɗigo sama da miliyan 2.

Sai dai sunayen ba su bi ƙa'ida ɗaya ba, kuma a nan ne mai saye ke ruɗewa. Idan aka ce 720p ko 1080p, tsayi aka ƙirga, amma idan aka ce 4K, faɗi ake nufi, shi ma an cika shi ne, domin 3840 da 2160 ne a talabijin, bai kai dubu huɗu ba. Mafi ɗaure kai shi ne QHD da qHD, waɗanda girman harafi kaɗai ya raba su a rubuce, alhali na farko 2560 da 1440 ne, na biyu kuwa 960 da 540. Mai yaƙi da jahilci da ya koyi bambanta babban baƙi da ƙarami, to ga inda karatun zai tsare masa aljihu.

Mazaunin unguwar Ali Kazaure a Jos da ya shiga shagunan Taminus ko na titin Ahmadu Bello neman kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ko talabijin don gidan kallon ƙwallo, yakan fara da tambayar inci nawa ce, alhali inci girman gilashi kawai yake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Talabijin masu inci 32 da yawa, waɗanda aka rubuta HD ɓaro-ɓaro a kwalinsu, ɗigonsu 1366 da 768 ne, kusan rabin na Full HD, kuma idan mutum ya matso da idonsa dab da gilashin zai ga gefen haruffa ya yi zigi-zigi kamar matakala. Mai kaya bai yi ƙarya ba idan ya ce HD ce, amma abin da ya kamata a nema shi ne lambobin nan biyu, waɗanda ake samu a jikin kwali ko cikin saitin na'urar.

Yawan ɗigo kuma ba ya gyara hoton da ya zo da rauni tun daga tushe. Fim ɗin da aka tura ta waya aka matse shi har ya koma layuka 360 zai fito da hazo ko a kan fuskar 4K, kuma kallon bidiyo mai 1080 a intanet yana cin data ninkin-ba-ninkin na mai 480, ga shi a ƙaramar fuskar waya da ƙyar ido ke rarrabe 720 da 1080.