Asali da Manufar Tsarin Mulkin Nijeriya na 1960

Gabatarwa

Tsarin mulki shi ne uwar dokokin ƙasa, watau dokar da sauran dokoki ke samun ƙarfi daga gare ta. Shi ke fayyace wanda zai yi mulki, da hanyar da za a naɗa shi, da iyakar ikonsa, da kuma haƙƙin talakan da ake mulka. Wannan maƙala za ta dubi tsarin da Nijeriya ta karɓi mulkin kai da shi ran 1 ga Oktoba 1960, domin a ga inda ya samo tushe da kuma matsalar da aka yi nufin ya warware.

Tushensa

Bayan da Lugard ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, an daɗe ana mulkin sassan biyu tamkar ƙasashe dabam-dabam. Tsarin Gwamna Clifford na 1922 ya kafa majalisar dokoki mai zaɓaɓɓun wakilai 4, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba, amma ikonta bai kai Arewa ba. Gwamna ne kaɗai ke yi wa Arewa doka. Sai a tsarin Richards na 1946 ne wakilan Arewa da na Kudu suka soma zama a majalisa ɗaya, aka kuma raba ƙasar jiha uku: Arewa da Yamma da Gabas. Babban sukan da 'yan kishin ƙasa suka yi wa wannan tsari shi ne an shirya shi ba tare da an ji ta bakin jama'a ba.

Saboda haka, da Gwamna Macpherson ya zo sai ya sa aka bi ƙauyuka da gundumomi da larduna ana neman shawara, har aka kai ga babban taron Badun na Janairu 1950. A nan ne ainihin matsalar ta fito fili. Wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tsakiya saboda yawan jama'arta, har Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka nuna cewa in ba haka ba gara a raba ƙasar. Tsarin 1951 ya ba Arewa kujeru 68 daga cikin 136.

Rikicin 1953

A watan Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙuduri cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Dalilin Arewa shi ne ƙarancin masu ilmin boko a cikinta. Ana tsoron in Turawa suka tafi da gaggawa, ma'aikatan Kudu ne za su gaje ofisoshin Arewa. Su kuwa 'yan Kudu tsoronsu shi ne Arewa ta danne su da yawan ƙuri'a. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano, aka yi asarar rayuka.

Wannan ya sa Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taro a Landan a 1953 da wani a Ikko a 1954. Sakamakonsu shi ne tsarin tarayya na 1954, wanda ya zama ginshiƙin na 1960. Tarurrukan Landan na 1957 da 1958 ne suka ƙarasa aikin. Yamma da Gabas suka sami mulkin kansu a 1957, Arewa kuwa a watan Maris 1959.

Manufarsa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa manufar tsarin ita ce a samar da hanyar da al'ummu masu tsoron juna za su zauna a inuwa ɗaya. Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka aka tanadi matakai uku.

Na farko, an raba iko. Gwamnatin tarayya ta riƙe tsaro da harkokin waje da buga kuɗi da kwastan, akwai kuma al'amuran da ta yi tarayya da jihohi a kansu, duk abin da ba a ambata ba kuwa na jihohi ne. Kowace jiha tana da nata tsarin mulki da Firimiya da majalisa.

Na biyu, an yi majalisa biyu. A Majalisar Wakilai yawan jama'a aka bi, inda Arewa ta sami kujeru 174 daga cikin 312, amma a Majalisar Dattawa kowace jiha wakilai 12 gare ta.

Na uku, an sa babi na haƙƙin ɗan Adam. Wannan ya biyo bayan binciken hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958 kan koke-koken ƙananan ƙabilu, waɗanda suka nemi a ƙirƙiro musu sababbin jihohi. Hukumar ba ta goyi bayan haka ba, sai ta ba da shawarar a kare su ta hanyar rubuta haƙƙoƙinsu cikin tsarin mulki.

Kammalawa

Tsarin bai yi tsawon rai ba. A 1963 aka sauya shi domin a raba ƙasar da sarautar Sarauniyar Ingila, a Janairu 1966 kuma soja suka hamɓare gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Babban rauninsa shi ne jiha ɗaya ta fi sauran biyun kujeru ko da sun haɗu, ƙananan ƙabilu kuma an bar su ƙarƙashin manya. Abin da aka ƙi yi a 1958 shi Janar Gowon ya yi a 1967, sa'ad da ya raba ƙasar jiha 12. Duk da haka, tsarin tarayya da babin haƙƙin ɗan Adam sun ɗore cikin tsarin 1979 da na 1999, domin tambayar da aka yi a Badun, watau yadda za a raba iko ba tare da wani sashe ya danne wani ba, har yanzu ana neman amsarta.