Daga Ɗakin Majinyata Zuwa Shafin Mujalla: Yadda Ake Shirya Muƙalar Binciken Kimiyya

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Zariya a Kano, ya iso Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, zai ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Malam. An kafa shi a 1988 domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero. Galibin mutane sun san shi a matsayin wurin neman magani, amma akwai wani aiki na biyu da ake yi a cikinsa wanda majinyaci ba ya gani, wato bincike da rubuta sakamakonsa. A ƙa'idar masana kimiyya, binciken da ba a buga shi a mujalla ba bai shiga taskar ilimi ba tukuna, domin babu wanda ya auna shi, babu kuma wanda zai iya ɗora wani abu a kansa. Wannan darasi zai bi matakan da muƙala take bi tun daga tunanin mai bincike har ta fito a mujalla, tare da misali daga wani bincike da aka jagoranta daga wannan asibiti.

Asalin mujallun kimiyya

A shekarar 1665 aka fara buga mujallun kimiyya biyu na farko, ɗaya a Faris ta ƙasar Faransa, ɗaya kuma a Landan mai suna Philosophical Transactions, wadda Henry Oldenburg ya shirya. Kafin wannan lokaci, masana kan aika wa juna wasiƙu ne, ko su jira shekaru kafin su wallafa littafi. Mujalla ta kawo abubuwa uku: tana tabbatar da wanda ya fara gano abu, tana yaɗa shi da wuri, tana kuma adana shi. Daga baya aka ƙara na huɗu, wato miƙa kowace muƙala ga wasu masana na fannin su tace ta kafin a buga. Wannan tacewa ita ce ta bambanta mujallar kimiyya da jarida.

Misali daga Zariya da Kano

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Tsokar zuciya takan yi rauni ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai mai jego ta riƙa haki, ƙafafunta su kumbura, ta kasa kwanciya rigingine. A 1978, likitoci biyu da suka yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka buga rahoto a kan mata 224 masu wannan ciwo a mujallar Quarterly Journal of Medicine. Sun danganta yawaitar ciwon da al'adun jego: wankan ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana sa jiki ya tara ruwa. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci, aka yi shekaru ana koyar da shi.

Da yake an buga aikin, masu binciken da suka biyo baya sun sami damar sake auna shi. Farfesa Kamilu Ƙaraye, likitan zuciya a Asibitin Malam da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa sun buga wata muƙala a 2015 inda suka kwatanta majinyata 39 da lafiyayyun masu jego 50. Sun sami ƙarancin sinadarin seleniyam mai tsanani a jinin kusan kashi 77 cikin ɗari na majinyatan, alhali a cikin lafiyayyun kashi 22 ne kawai. Bayan haka ya jagoranci wani bincike mai faɗi da ake kira PEACE, wanda ya tattara bayanan majinyata 406 daga asibitoci 22 a sassan Nijeriya. Sakamakon da aka buga a 2020 a mujallar ESC Heart Failure ya nuna cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, inda ya kai kimanin mace ɗaya a cikin kowace haihuwa ɗari. Abubuwan da aka samu suna tafiya tare da shi su ne rashin ilimin boko, da rashin aikin yi, da rama, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego kuwa ba a sami alaƙarsu da ciwon ba a wannan bincike. Wata muƙala ta biyu a wannan shekara ta bi sawun majinyata 244, ta nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar ta rasu a tsawon lokacin bibiyar.

Abin lura a nan shi ne, shawarar da likita zai bai wa mai jego ta dogara ne a kan abin da aka buga. Saboda haka kuskure a cikin muƙala yana iya kaiwa har gadon majinyaci.

Mataki na farko: izini kafin bincike

Shirin muƙala yana farawa tun kafin a ɗebi jinin mutum na farko. Mai bincike yakan rubuta tsarin aikinsa ya miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na jami'a. Kwamitin zai duba ko akwai cutarwa, da kuma yadda za a nemi yardar kowane majinyaci cikin harshen da yake ji. Tushen wannan ƙa'ida a duniya shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964, Nijeriya kuma ta fitar da nata kundin a 2007. Kano ta ɗanɗana ɗacin wannan al'amari. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Iyaye sun yi ƙorafin cewa ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, aka shiga shari'a, har aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A yau mujalla ta ƙwarai ba ta karɓar bincike a kan ɗan Adam sai an ambaci kwamitin da ya ba da izini. Idan gwajin magani ne, tun daga 2005 manyan mujallun likitanci suka wajabta a yi masa rajista a bainar jama'a kafin a fara, don kada a ɓoye sakamakon da bai yi wa mai bincike daɗi ba.

Mataki na biyu: zaɓen mujalla

Ya kamata a zaɓi mujalla kafin a fara rubutu, domin kowacce tana da fanninta da masu karatunta da dokokinta na yawan kalmomi da tsarin manazarta. Waɗannan dokoki suna cikin shafin jagora ga marubuta, kuma rashin bin su kaɗai yana iya sa a maido da muƙala ba tare da an karanta ta ba. Akwai mujallu na cikin gida, kamar Bayero Journal of Pure and Applied Sciences ta Jami'ar Bayero, akwai kuma na ƙasashen waje. Sai dai a yi hattara da mujallun bogi, waɗanda ke aiko da saƙon gayyata ta imel suna alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki idan an biya kuɗi, alhali ba sa tace komai. Biyan kuɗi shi kaɗai ba alamar bogi ba ce, domin mujallu nagari da yawa suna karɓar kuɗin bugawa don mai karatu ya samu kyauta. Abin dubawa shi ne ko editocinta sanannun masana ne, da kuma ko tana cikin amintattun rumbunan mujallu.

Mataki na uku: ginin muƙala

Muƙalar kimiyya tana da ginshiƙai huɗu, kowanne yana amsa tambaya guda.

Gabatarwa tana amsa tambayar: me ya sa aka yi binciken? A nan ake faɗin abin da aka riga aka sani, da giɓin da ya rage, da manufar aikin. A misalin da ya gabata, abin da aka sani shi ne rahoton Zariya, giɓin kuwa shi ne rashin bayanai daga faɗin ƙasa.

Hanyoyin bincike suna amsa tambayar: yaya aka yi? Su wa aka ɗauka, su wa aka bari, da wace na'ura aka auna, da wane lissafi aka yi ƙididdiga. Ma'aunin kyawun wannan sashe shi ne wani masani a Sakkwato ko Maraɗi ya iya maimaita aikin daga abin da aka rubuta kawai.

Sakamako yana amsa tambayar: me aka samu? Alƙaluma ne da jadawali da zane, ba tare da sharhi ba. Idan an ba da kashi cikin ɗari, a haɗa shi da ainihin adadi. Kashi 77 cikin ɗari na mutum 39 yana nufin mutum 30, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin haka.

Tattaunawa tana amsa tambayar: mene ne ma'anar abin da aka samu? A nan ake kwatanta shi da ayyukan magabata, a kuma bayyana raunin binciken da gaskiya. Samun ƙarancin seleniyam a jinin majinyata bai isa a ce shi ne sanadin ciwon ba, domin abu biyu suna iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifar da ɗayan ba. Talauci, alal misali, yana iya jawo duka biyun.

Bayan waɗannan sai a rubuta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya, wanda mujallu da yawa ke ƙayyade shi a kimanin kalmomi 250. Shi ake rubutawa a ƙarshe, amma shi ake fara karantawa, sau da yawa ma shi kaɗai ake karantawa. Sai take, wanda ya kamata ya faɗi abin da aka bincika da inda aka yi. Daga nan sai manazarta. Fannin likitanci yana yawan amfani da tsarin Bankuba, wanda ya samo suna daga taron da wasu editoci suka yi a birnin Bankuba na Kanada a 1978, inda ake sa wa kowane aiki lamba bisa jerin ambatonsa.

Mataki na huɗu: amana

Laifuffuka uku ne suka fi muni a wannan fage: ƙirƙiro alƙaluman da ba a auna ba, da sauya waɗanda aka auna, da satar fasaha, wato ɗaukar kalmomi ko tunanin wani ba tare da ambatonsa ba. Mujallu suna da manhajojin kwamfuta masu gano rubutun da aka kwafa, kuma idan asiri ya tonu bayan bugawa, sai a janye muƙalar a sanar da duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka nan ba a sa sunan mutum cikin marubuta don girmansa ko muƙaminsa, sai wanda ya yi aiki na haƙiƙa, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda ya amsa tambaya a kansa. Bisa wannan dalili, ƙungiyar editocin mujallun likitanci ta bayyana a 2023 cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuciya, kuma wanda ya yi amfani da ita sai ya faɗa. Dole ne kuma a bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken.

Mataki na biyar: miƙawa da tacewa

A da, akan buga muƙala da tafireta a aika kwafi biyu ko uku ta gidan waya. Yanzu ta intanet ake miƙawa, tare da gajeruwar wasiƙa zuwa ga edita mai bayyana sabon abin da aikin ya zo da shi. Haramun ne a miƙa muƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Edita zai fara dubawa. Idan ta dace da mujallarsa, sai ya aika ta ga masu tacewa, galibi biyu ko uku, waɗanda sau da yawa ba a bayyana wa marubuci sunayensu. Wannan kan ɗauki makonni ko watanni. Hukunci yakan zo da ɗaya daga cikin fuskoki huɗu: an karɓa, ko a yi ƙaramin gyara, ko a yi babban gyara, ko an ƙi.

Neman gyara shi ne abin da aka fi samu ga muƙalar da za ta tsira. Marubuci yakan jera tambayoyin masu tacewa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta amsar kowacce, ya nuna shafin da ya gyara. Inda bai yarda ba, sai ya kawo hujja cikin ladabi. Ƙin karɓa kuwa ba ƙarshen tafiya ba ne, domin manyan mujallu suna ƙin fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake aiko musu. Sai a yi amfani da sharhin da aka samu a gyara aikin, a miƙa shi ga wata mujallar. Idan an karɓa, za a aiko da shafukan gwaji domin marubuci ya duba kurakuran bugu, musamman a cikin alƙaluma.

Aikin aji

Rahoton gwaji da ɗalibin sakandare yake rubutawa a darasin kimiyya, mai ɗauke da manufa da kayan aiki da hanya da sakamako da kammalawa, shi ne wannan tsari a ƙaramin sikeli. Malami yana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya shuka ƙwayar wake 20 a inuwa da 20 a rana, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, a auna tsawon tsiron kowace rana har kwana 14. Kowane rukuni ya rubuta rahoto bisa ginshiƙai huɗun nan, da tsakure da bai wuce kalmomi 100 ba. Daga nan malami ya cire sunaye ya musanya rahotannin, kowane rukuni ya tace na wani ya rubuta tambayoyi uku a kansa, masu rahoton kuma su amsa a rubuce kafin a ba da maki.