Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo

Damina ta wuce, an shigar da hatsi, samarinmu da yawa suna shirin kafa gida na kansu. Waɗansu sun tara ƙasa, waɗansu sun sayi bulo. Kafin a sa hannu, bari mu dubi abin da ya faru a ƙasarmu ta Yauri, gama a nan an taɓa gina gidaje dubbai cikin 'yan shekaru kaɗan, akwai kuwa abin koyo a ciki.

A 1964 aka soma ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. A 1968 aka tare ruwa, ya zama tafki, tsawonsa ya fi kilomita 130, ya kai har wajen Yelwa. Mutum wajen 44,000 suka bar mazauninsu. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, ta nutse. Tsibiran da Gungawa su ke noman albasa a kansu, da yawa ruwa ya ci. Kambari na wajen Ngaski, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa masunta, duka abin ya taɓa su. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka a kan tudu.

Sai mu fara da suna. A wurinmu suna ya kan faɗi gaskiyar wuri. Gungu, watau tsibiri. Daga nan Hausawa suka ce Gungawa, ko da ya ke su da bakinsu Reshe su ke cewa. Tunga kuwa ƙaramin zango ne, a kan haɗa shi da sunan wanda ya fara saran daji, a ce Tungan wane. Bin Yauri, Birnin Yauri ke nan, tsohon mazaunin sarauta kafin ta zauna a Yelwa a 1888. Da ruwa ya zo, mutane ba su iya ɗaukar gonaki ko kaburbura ba, amma suka ɗauki suna suka hau tudu da shi. Bussa ta zama Sabuwar Bussa. Har wa yau kuwa mutumin da aka haifa nesa da tsibiri ana ce da shi Bagunge.

Mun ga masu rubuta babban suna da fenti a kan ƙofa tun ba a yi rufi ba. Ba laifi. Amma maƙwabta ba su karanta fenti. Za su ce gidan mai tsamiya, ko gidan da a ke ba baƙo ruwa, ko gidan faɗa. Wannan suna ne zai bi 'ya'yanku.

Yanzu ga fasali, a nan kuwa za mu daɗe. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen. Ya yi ƙoƙari ya bi fasalin gidajen dā, bai jera ɗakuna kamar bariki ba. Aka yi bango da bulo na siminti da yashi, aka yi rufi da faranti na asbesto mai lanƙwasa. Gini ne mai ƙarfi, waɗansu suna tsaye har yanzu. Duk da haka iyayenmu sun ce da rana ɗakin zafi, da hunturu sanyi. Ba a daɗe ba aka ga ɗakunan ƙasa da jinka suna tsirowa a gefen na siminti. Aka ƙara rumbu, aka ja danga, aka matsar da murhu. Waɗansu ma suka bar gidan ɗungum suka koma kusa da gonakinsu.

Don me? Ba domin mai zanen ya rasa ilimi ba. Shi ya ga gida a rana guda, gida kuwa abu ne mai girma kamar yaro. Ɗa ya yi aure, ana bukatar ɗaki. Tsohuwa ta dawo wurin ɗanta, ana bukatar ɗaki. Gidan ƙasa ya kan buɗe ya karɓe su, gama mai gida da 'yan'uwansa sun iya kwaɓa ƙasa da kansu. Siminti sai da kuɗi, sai da magini. Mai zane kuma ba ya kwana a ɗakin da ya zana.

Domin wannan, ɗan'uwa, kafin ka kira magini, ka ɗauki sanda ka zana gidan a ƙasa. Ka kira matarka ta tsaya a ciki. Ita ta san inda hayaƙi zai bi, da nisan da za ta ɗauko ruwa, da inda za ta shanya hatsi idonta na kan yara. Mu maza mu kan manta da wannan, sa'an nan mu yi mamaki da gunaguni. Ka sa zaure a bakin hanya, domin baƙo ya sami wurin zama ba sai ya ratsa cikin gida ba. Ka juya ƙofofi daga gabas, gama daga can hadari ya ke bugowa. Ka nisanta masai da rijiya ƙwarai, masai ya kasance ta gangare. Ka bar fili kuma ba gini, ko da mutane sun ce ɓarna ce. Filin nan na waɗanda ba a haifa ba ne.

Kan gini kuwa, wuri ya fi kaya. Tafkin nan ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa iri biyu ya ke sha: na daminarmu, mai laka, da wani kuma da ya ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ba ya isowa sai lokacin sanyi. Don haka tafki ya kan cika da rani, ya janye wajen farkon damina. Wanda ya zaɓi fili a watan Yuni, ya ga ruwa can nesa, zai iya tashi wata rana ya iske shi a bakin zaure. Tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, ka hau sama da nan.

Ko ƙasa ko bulo, kowanne yana da hakkinsa. Ƙasa tana so a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a shafe bango da makuba, a duba shi kowace shekara. Azara ta giginya gara ba ta cinta da sauƙi. Bulo kuwa, idan an rage siminti domin a sami yawa, ya fi tubali rauni.

Saura magana ɗaya ga masu zama a gidajen 1968. A lokacin nan ba a faɗa wa mutane ba, amma yanzu an sani sarai ƙurar asbesto tana lalata huhu, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Muddin farantin yana nan lafiya a sama, a bar shi. Idan ya fashe, kada a sare shi, kada a daka, kada yara su yi wasa da gutsattsarinsa. A jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci da baki, a kwashe a binne nesa da rijiya.