Ketamin da Mai Tunanin Kashe Kansa: Abin da Ya Kamata Hakimai Su Sani

Hakimai da malamansu sun saba da irin wannan labari. Dagaci ya aiko cewa wane ya daina cin abinci, ya daina zuwa gona, yana ta faɗin gara ya mutu ya huta. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce sammu, waɗansu kuma su ce rashin tawakkali. Likitoci kuwa sun gane galibi ciwo ne, watau ciwon baƙin ciki mai tsanani, kuma yana da magani.

Wahalar da likitoci suka daɗe suna sha ita ce jinkiri. Ƙwayoyin da aka saba bayarwa ba su kama jiki sosai sai bayan mako 2 zuwa 6. To, wanda ya ƙudura niyya yau, ina zai jira mako shida? A nan ne amfanin ketamin ya bayyana.

Shi ketamin ba baƙo ba ne. Wani masani, Calvin Stevens, shi ya haɗa shi a Amurka cikin 1962, cikin 1970 aka yarda a riƙa sa marasa lafiya barci da shi lokacin fiɗa. Har yau ana aiki da shi a asibitocinmu, domin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan barci. Cikin shekarar 2000 likitocin Jami'ar Yale suka ba da labari cewa in an ɗura ɗan kaɗan a jijiya, ƙasa ƙwarai da na fiɗa, baƙin cikin yakan yi sauƙi cikin 'yan sa'o'i. Daga baya aka ga tunanin kashe kai ma yakan ragu haka. Cikin 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani ɗan'uwansa da ake fesawa a hanci, mai suna Spravato, cikin 2020 kuma ta yarda a ba masu wannan tunani, tare da ƙwayoyin da aka saba.

Sai dai a lura da kyau. Sauƙin nan ba ya daɗewa, bayan ɗuri ɗaya yakan gushe cikin kwanaki, ko kamar mako guda. Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Rage tunani daban, tabbatar da cewa mutum ya tsira daban, hukumar nan ma ba ta ce yana hana kisan kai ba. A ganinmu amfaninsa kamar na kwalekwale ne da damina: ya ƙetarar da mutum, sa'an nan sauran magani da lallashi da kulawar dangi su ci gaba da tafiyar.

Yana kuma da haɗari. Yakan hau da jini, ya kawo jiri, mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa. Saboda haka a asibiti kaɗai ake bayarwa, a tsare mutum kamar sa'a 2 ana duba shi. Masu shaye-shaye da suka mai da shi abin maye, da yawa mafitsararsu ta lalace. Lalle hakimi ya gargaɗi masu kemis da masu allurar gida-gida. Kada kowa ya saya don ya ji an ce yana maganin damuwa.

Aikin hakimi ba zaɓen magani ba ne, wannan na likita ne. In labari ya zo, a sa ɗan'uwa ya zauna da mutumin dare da rana, a kawar da makami da maganin ƙwari daga gidan, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai an ci kasuwa. Tambayarsa a fili ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa niyyar, sau da yawa ma sauƙi take ba shi. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa faɗa gaban jama'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibiti mafi kusa kuwa zai iya tura shi can.

Malamin hakimi ya rubuta wa likita takarda, ya faɗi ranar da abin ya fara, da maganar da aka ji daga bakinsa, da abin da yake sha. A liƙe ta, a ba wanda zai raka shi. Kada a karanta ta a zaure.