DARASIN KIWON KIFI: GUBAR DA IDO BA YA GANI

Ƴan uwa manoma, ga darasinmu na wannan wata. Da yawa cikinku sun gina kwamin siminti a garka, sun zuba tarwaɗa ko karfasa. In bazara ta yi, sai kifi ya riƙa mutuwa alhali ga ruwa cike. Sau da yawa sanadin shi ne amoniyak.

Mene ne amoniyak?

Kun san warin nan mai hawa ka na turken awaki da ba a share ba? To, shi ne. Kifi yana fidda shi ta matsatsaku, wato jan naman da yake numfashi da shi. Sauran abinci, kashin kifi da matattun ganye, in sun ruɓe, su ma suna ba da shi. Takin zamani na ure, in ya faɗa ruwa, amoniyak yake komawa.

Kama biyu gare shi

Cikin ruwa yana rabuwa biyu. Kama ta farko, amoniyom, ba ta cutar kifi sosai, kuma abincin tsiro ce. Ta biyu, amoniyak tsantsa, ita ce guba: tana ƙona matsatsaku. Abu biyu ke juya ta farko ta koma ta biyu: zafi, da ruwan da ya yi kanwa-kanwa.

Akwai ma'auni da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya: ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. In zafin ruwa ya kai digiri 30, a lamba 7 gubar ba ta cika kashi 1 cikin 100 ba. A lamba 8 ta wuce kashi 7. A lamba 9 ta kusa rabi. Toka, farar ƙasa da sabon siminti duk suna ɗaga lambar.

Tsiro fa?

Kainuwa da gansakuka suna shan amoniyom, wannan taimako ne. Amma ku lura: ruwan da ya yi kore shar, lambarsa tana hawa da rana, ta kai ƙarshe wajen la'asar. Lokacin nan ne hatsari ya fi yawa. Saboda haka tsiro ba ya ceton wanda ya cika kifi ko ya cika abinci.

Alamu

Kifi ya ƙi ci. Yana yawo sama a gajiye, ko ya taru inda sabon ruwa ke zuba. Matsatsakunsa sun yi ja sun kumbura.

Abin yi

1. Ku tsai da abinci kwana 1 ko 2. Yunwar nan ba ta kashe kifi.
2. Ku kwashe kashi 1 cikin 3 na ruwan daga ƙasa, ku zuba sabo sannu a hankali.
3. Kada ku zubar da tsohon ruwan a banza. Ku ba albasa da salati, taki ne.
4. Ku ba kifi abin da zai cinye cikin minti 15 kaɗai.
5. Ku tsame matattun ganye. Ku tsare kainuwa a kusurwa guda, kada ta rufe ruwan.
6. Sabon kwami, a jiƙa shi, a wanke sau da yawa. A fara da kifi kaɗan, domin ƙananan halittun da ke cinye gubar sukan yi sati 4 zuwa 6 kafin su yawaita.
7. Kada a wanke buhun taki kusa da kwami.

Tambayoyi don taronku

Don me la'asar ta fi safiya hatsari? Wa ke ba kifinku abinci, kuma da wane awo?

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Naku, malamin gona.