Yaro Gwanin Ƙwallo da Dokar Iyaka

Ƙasar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, ta yi iyaka da ƙasar Benin. Daga Tsamiya ake ƙetarewa zuwa Segbana.

Wani lokaci baƙo yakan ga yaro gwanin ƙwallo, ya ce zai kai shi wata ƙasa ya yi arziki. Yara da yawa a Afirka sun bar makaranta saboda irin wannan daɗin baki, aka yashe su can, ba karatu, ba ƙwallo.

Saboda haka a 2001 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ta hana ƙungiyoyi ɗaukar yaro daga wata ƙasa sai ya cika shekara 18. Daga baya aka sassauta wa mazauna bakin iyaka. In tsakanin gidan yaro da iyaka bai wuce kilomita 50 ba, ƙungiyar ma haka, yana iya yi mata wasa. Amma tilas ya ci gaba da zama a gidansu, hukumomin ƙwallo na ƙasashen biyu kuma su yarda.

Yaro mai hankali ba ya bin baƙo a ɓoye. Yakan gaya wa iyayensa da malaminsa, ya riƙe karatunsa.